Takardun Kawu da Muka Shanya a Rana

Ranar da muka binne Kawu, tsakar gidansa na Kafanchan ya cika har wasu suka zauna a kan turmi, wasu a bakin rijiya, amma ban ji mutum ɗaya da ya faɗi aikin da mamacin ya yi a duniya ba. Fasto ya yi iya ƙoƙarinsa, ba zan zalunce shi ba. Ya ce Kawu malamin makaranta ne mai tsoron Ubangiji, wannan gaskiya ne. Ya ce ya taɓa zama a Ingila yana aiki da wani babban inji. Nan ya tsaya, ya duba takardar hannunsa, ya ga babu ƙarin bayani, sai ya buɗe Zabura. Matan zumunta suka ɗauki waƙa, aka wuce wurin.

Masu gaisuwa kuwa, kowa da abin da ya kawo a bakinsa. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce, "Sannu da haƙuri, Malama. Ayya, mutum shi ɗaya, ba mace, ba ɗa. Wa zai ɗauki sunan shi?" Wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da suka yi firamare tare ya ce, "Karatu ne ya cinye shi. Mutum in ya daɗe a ƙasan Bature, ba duka kan shi ke dawowa gida ba." Tsofaffin ɗalibansa suka zo daga Kaduna da Jos, suna dariya ƙasa-ƙasa suna tuna yadda yake jifansu da alli. A bayan rumfa kuma, inda ake dafa shinkafa, na ji ana raɗe-raɗin baƙin akwati da tagar da yake rufewa da rana tsaka. Suna ganina suka koma maganar itacen girki.

Yau shekara guda ke nan. An ce in rubuta rabin shafi da za a karanta a sujadar tunawa da shi. Na zauna da niyyar rabin shafin, sai abin ya fi ƙarfina. Zan faɗi aikinsa gwargwadon yadda na fahimta, zan kuma faɗi ɓarnar da na yi masa da hannuna, domin ba zan iya ba da labarin ɗaya in bar ɗaya ba.

Kawu yayan Mama ne, ɗan farin gidansu. Matarsa ta rasu tun ban iya tafiya ba, bai sake aure ba, duk da babu gwauruwar ikilisiya da ba a nuna masa ba. Ya daɗe yana koyarwa a makarantun mishan, sai da furfura ta fara fito masa aka tura shi Ingila ƙaro karatu. Da ya gama, wata jami'a ta riƙe shi ya kula mata da injin nan da Fasto ya ambata. Shekara bakwai ya yi a kansa. Ana tsakiyar yaƙin basasa Kaka ta makance, aka aika masa, ya dawo da niyyar yin shekara biyu. Kaka ta yi shida kafin ta tafi, lokacin kuwa an daɗe da sa wani a kujerarsa. Ya zauna yana koyar da kemistiri a sakandare, a ɗakin gwajin da ko wutar lantarki babu.

Ni na zo gidansa shekarar da aka buɗe firamare ga kowa kyauta, azuzuwa suka cika maƙil, aka turo ni Kafanchan koyarwa. Tun ranar farko ya sa mini suna Malama, yana faɗa yana ɗan sunkuyar da kai, yadda zan san tsiya yake mini. Gidan shiru ne. Mu ci tuwon acca, ya ce na gode, in ce sai godiyar Allah, hirar ranar ta ƙare ke nan.

Yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba Mama haushi. In tukunya ta fashe a gidan, ba a sharewa sai ya gani. Zai tsuguna ya ɗauki gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, yana juya su kamar mai zaɓen doya a kasuwa. "Kin ga, Malama? Ta nan ta fara. Abu ba ya fashewa yadda ya ga dama, akwai inda maginiya ta yi sakaci." Mama in tana nan sai ta ce, "Yaya, mutane suna kukan tukunya, kai kana murna." Ko rake yake sha, sai ya duba gaɓar da ta karye kafin ya kai baki.

Abokinsa ɗaya ne, wani tsohon Bafulatani da rugarsu ke bayan layin dogo. Duk Asabar da hantsi zai zo da ƙwaryar nono, su zauna a gindin mangwaron ƙofar gida. Na sha ba su ruwa in tarar ba wanda ke magana. Haka za su yi awa biyu, sai baƙon ya ɗauki sandarsa ya ce, "To Malam, mun yi hira," ya tafi.

Sai kuma maganar taga. Kullum in ya dawo makaranta, wajen ƙarfe huɗu, zai shiga ɗakinsa ya rufe taga, ya rataya bargo a kanta, ya jawo baƙin akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ba ya wuce rabin awa. Magana ta zaga unguwa har dattawan ikilisiya suka turo mutum biyu. Ya ba su shayi, suka yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ɗaya ya ce, "Malam, mene ne a cikin akwatin?"

"Takardu."

"To don me sai a duhu?"

"Haka suke so."

Suka fita sun fi shigowarsu damuwa. Ni ma abin da ya taɓa ce mini bai wuce, "Kada a taɓa akwatin nan." Bai faɗi dalili ba, ni kuma ban tambaya ba, don ba a yi mana tarbiyyar tambayar manya dalili ba.

A ƙarshen daminar shekarar ciwon ƙirji ya kwantar da shi, aka riƙe shi a asibiti mako uku. Mama ta zo daga ƙauye taya ni jinya. Wata Laraba aka yi ruwa mai iska, kwanon ɗakinsa ya ɗaga, ruwa ya malale ƙasa. Da muka shiga share ɗakin washegari, akwatin na zaune cikin ruwa, gindinsa ya yi tsatsa, warin funfuna na fitowa. Makullin na ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki, inda kowane dattijo ke ɓoye makulli. Mama ta ce, "Buɗe mu shanya mashi. In mun bari, kafin ya dawo gara da funfuna sun gama da shi."

Ban yi gardama ba. Mu mutanen shanya ne. Citta muke shanyawa, da barkono, da katifa, da littafin waƙoƙi in ya jiƙe, da takardar shaidar baftisma. Ban taɓa ganin abin da damshi ya kama rana ta kasa gyarawa ba.

A ciki akwai takardu naɗe-naɗe kamar bandejin asibiti, faɗinsu bai fi tafin hannu biyu ba, amma in ka warware ɗaya sai ta ratsa ɗaki. Guda arba'in. A kan kowace akwai siraran layuka a tsaitsaye, wasu dogaye, wasu gajeru, kamar ciyawa sabuwar tsira. Akwai wata guda a cikin gwangwanin madara an rufe gam, ruwa bai taɓa ta ba, muka bar ta. Sauran muka shimfiɗa a tsakar gida, muka danne bakin kowace da dutse. Ni ce ma na ce a juya fuskar rubutun sama don ya bushe da kyau. Na zauna a kujera ina korar kaji, ina jin daɗin kaina.

Wajen ƙarfe uku na lura launinsu ya sauya. Sun koma kalar shayin da aka bari ya yi kauri, layukan kuma sun nutse a ciki. Na kira Mama. Ta duba ta ce, "Zafi ne. In ya huce zai dawo." Muka naɗe su tsaf, muka goge akwatin, muka mayar.

Ranar da aka sallamo shi, tun a ƙofar gida na ba shi labari, ina murmushi ina jiran na gode. Ya tsaya da sandarsa, ya ce, "A rana?" Na ce tun safe har la'asar. Ya shiga ɗaki, ya rufe taga, ya rataya bargo kamar kullum. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo. Ya warware ta farko, ya ajiye. Ta biyu, ta uku. Da ya kai ta bakwai sai ya miƙe, ya cire bargon ya ninke shi, ya buɗe tagar gaba ɗaya, haske ya cika ɗakin. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Ki je ki huta, Malama. Kun sha aiki."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Mako biyu yana cin abinci yana cewa na gode, ƙarfe huɗu ya zauna a gindin mangwaro yana kallon hanya. Mama ta tattara ta koma ƙauye tana kuka. Ni kuwa zuciyata ta cika, rabi nadama, rabi fushi. Wata yamma na ajiye masa tuwo na tsaya a kansa, na yi abin da ban taɓa yi wa babba ba.

"Kawu, na yi laifi, na sani. Amma kai ma ka yi. Shekara tara kana rufe taga, ba ka gaya wa ƙanwarka ba, ba ka gaya mini ba. Da ka ce rana na cin su, wa zai shanya? Mu ba mutane ba ne?"

"Wa zai gane?"

"Ka taɓa gwadawa?"

Ya ture kwanon tuwon gefe. Sannan ya ce in jawo kujera.

Ga abin da ya gaya mini, ranar da kuma ranakun da suka biyo. Injin nan ma'auni ne, amma na abin da ido ba ya gani. Ana sa ɗan ƙwayar sinadari a ciki, a dumama shi ya zama tururi, a harbe shi da lantarki sai ya farfashe. Gutsattsarin su bi ta gaban wani babban maganaɗisu, marasa nauyi su lanƙwasa da yawa, masu nauyi kaɗan, ta haka su rabu kowa da layinsa. A ƙarshe wani siririn haske ne ke zana su a kan takarda. Kowane tsini gutsure ɗaya ne. Tun da haske ne alƙalamin, takardar ba ta san bambancin hasken inji da na rana ba. Mun ba ta rana yini guda, ta rubuce ko'ina.

"Shi abin da ka sa a ciki, sau da yawa ba ka ganinsa cikakke," in ji shi. "Ya riga ya fashe. Daga abin da ya zubar kake gane shi. Ya zubar da sha biyar, ka san wane ɗan reshe ne ya cire. Ya zubar da sha takwas, ruwa ne ya fita."

Sinadaran da ya fi so su ne waɗanda aka ɗaura wa kuza. Babansu, kakana, ya yi shekaru yana ɗaukar ƙasar kuza a ka a ramukan Filato, ya dawo gida da tari. Kawu ya ce ranar da ya fara ganin kuza a takardar injin sai da ya fita waje ya sha iska. Ita ba ta fitowa da tsini ɗaya. Goma take fitowa a jere, uku manya a tsakiya kowane ya fi na bayansa tsawo, sauran ƙanana gaba da baya. Ya kan ce da su 'yan gida goma. Duk gutsuren da ke ɗauke da kuza, da 'yan gidan nan yake tafe.

A cikin wani sinadari da ya gwada, kuza na can gefe ɗaya, wani zobe na ƙwayoyin gawayi na can ɗaya gefen, ba abin da ya haɗa su. Amma a takarda sai ya ga 'yan gida goma a wurin da ba za su tsaya ba sai in zoben ya tsallako ya manne wa kuzar lokacin fashewa. Ya kai wa babban malamin da yake yi wa aiki. Mutumin ya duba da gefen ido ya ce datti ne, ragowar gwajin wani ce ta maƙale a injin. Kawu ya kwance injin ya wanke, ya sake. Ya sauya zafi, ya sake. Sau arba'in da ɗaya, a lokacin cin abincinsa na rana, kuma kowane karo suna nan. Takardun nan su ne shaidarsa. Da su ya dawo, don ya auna tsawon kowane tsini da rula, ya rubuta bayani, ya aika.

Na ce, "Shekara tara ba ka gama awon ba?"

Ya yi wata 'yar dariya. "Na gama tun Kaka na da rai. Tsoro nake ji, Malama. In na aika aka sake ce mini datti ne, me ya rage mini? Gara ina buɗewa ina kallo."

Na ce ai lambobin suna cikin littafin da ya rubuta awon, ya aika su. Ya ce lamba a littafin 'yan makaranta kowa zai iya rubutawa, ba wanda zai karɓa daga Kafanchan ba tare da takardun inji ba. Ranar na yi kukan da ban yi a gaban Mama ba.

Washegari ƙarfe huɗu ya kira ni ɗaki. Ya rufe taga, ya mayar da bargon, ya ɗauko gwangwanin madara. Na ce ya bar ta, ita kaɗai ta rage, kuma ya ce ko ɗan hasken da ke ratsa bargo yana cin ta kaɗan-kaɗan.

"Guda ɗaya ba ta isa shaida ba," ya ce. "Amma ta isa darasi. In ajiye wa wa?"

Ya nuna mini can wajen ƙarshen takardar, ƙarƙashin wasu gajerun tsinaye, wani ɗan gicciye da ya yi da fensir tun a Ingila. Nan ne wurin. Injin ba ya rubuta lamba, sai mutum ya ƙirga tsini ɗaya bayan ɗaya tun daga farko. Aikina shi ne in ƙirga har in kai gicciyen, in faɗi lambarsa. Ya ƙi gaya mini. "In na faɗa miki, za ki gan shi ko yana nan ko ba ya nan." Ya rubuta a shafin ƙarshe na littafinsa, ya ninke, ya soke da allura.

Da tsinken tsintsiya nake ƙirgawa, minti goma kacal a rana, sannan a naɗe. Ana farawa daga sha takwas, tsinin ruwa, don ba injin da ba shi da ɗan damshi. Sai ashirin da takwas da talatin da biyu, iskar da muke shaƙa. Daga nan sai ido da haƙuri. Ana yin gaba tsinayen na ƙara matsewa, wani wurin kuma babu komai, sai ka kiyasta gurbi nawa ka tsallake. Ni da nake dukan tebur in yaro ya tsallake lamba, sai ga ni ina ɓacewa a casa'in da wani abu kullum. Ina ɓacewa zai ce, "Koma ruwa, Malama." Ba ya yarda in ci gaba daga inda nake zato. Na tsani kalmomin nan uku. Har ta kai in na ƙona miya ko na manta gishiri, sai ya ɗanɗana ya ce, "Koma ruwa."

Gidan ya daina shiru. Yana cin tuwo yana zana mini zobe da rassa a bayan ambulan. Ranar da na kai ɗari da ashirin, tsinken ya hau kan 'yan gida goma na gane su da kaina, ya tashi ya sa hularsa ya je tasha ya sayo tsire. Muka ci a gindin mangwaro, yana ba ni labarin sanyin Ingila, da yadda ya yi wata uku bai yi Hausa da kowa ba sai injin. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba.

Amma takardar na dushewa, muna gani. Kowane wata sai ta ƙara duhu, shi ma kowane wata sai ya ƙara ramewa. Wani lokaci jarrabawar yara ta hana mu, wani lokaci tarinsa. Da damina ta zagayo karo na biyu na kai ɗari da sittin da biyar, inda kuza ke riƙe da rassa uku. A makon ne aka sake kai shi asibiti. Na je da kunu ranar Litinin, ya buɗe ido ya ce, "Kin kai nawa?" Na faɗa masa. Ya ce, "Saura kaɗan." Ranar Talata da safe ya cika.

A wajenmu, kwana bakwai bayan biso ana fito da kayan mamaci tsakar gida, a buɗe komai a gaban dangi, don kada wani ya ce an ɓoye wani abu. Ƙanin kakana ne ya shugabanci zaman, tsoho mai kaifin baki da muke kira Baba. Aka fito da riguna, da takalma, da rediyo. Sai ya nuna baƙin akwatin da sandarsa ya ce a kawo nan. Rana na tsakiyar ka.

Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah a buɗe wannan a ɗaki. Rana za ta ɓata abin da ke ciki."

"Abin da ba a buɗe shi a rana, wane irin abu ne? Gari duka na magana a kan akwatin nan. Yau za a gani, a wanke sunan shi, ko a san gaskiya."

Ba ni da bakin ja da shi. Wani ɗan'uwa har ya kama hannun akwatin. Sai Mama ta miƙe, ita da ban taɓa jin ta ɗaga murya a taron maza ba. "Baba, ni da yarinyan nan mun riga mun kashe mashi arba'in. Wannan ɗaya, ba za a kashe shi a gabana ba. Wanda ke so ya gani, ya shigo ɗaki." Ba ta jira amsa ba, ta shige, ta rufe taga, ta rataya bargon da hannunta.

Dattawa suka shigo suna gunaguni, ɗakin ya cika. Na buɗe akwatin, suka ga naɗaɗɗun takardu marasa komai, da littafi, da gwangwanin madara. Na warware ta ƙarshen a kan gado. Baba ya sunkuya ya ce, "To, in karatu ne, karanta mana."

Na zaro tsinke daga tsintsiyar bayan ƙofa. Na fara daga ruwa, da ƙarfi, yadda kowa zai ji. Sha takwas, sha tara, ashirin. Na wuce casa'in ban yi tuntuɓe ba. Na wuce ɗari da ashirin, na wuce ɗari da sittin da biyar, na shiga inda ban taɓa zuwa ba. Layukan can sun kusa ɓacewa, sai da na kai hancina dab da takardar. Tsinken ya hau kan wasu gajerun 'yan gida goma, mafi tsawonsu na tsaye daidai kan gicciyen. Na ce, "Ɗari da casa'in da bakwai." Na cire ɗari da ashirin na kuza, saura saba'in da bakwai, nauyin zoben da ya sha zana mini a bayan ambulan.

Na ɗauko littafin, na zare allurar, na buɗe shafin ƙarshe. Lambar ce, ita ɗin. A ƙarƙashinta ya rubuta da alƙalaminsa: "Idan kin kai nan da kanki, to mu biyu ne muka gani."

Na juya wajen kujerarsa don in faɗa masa. Wani ɗan'uwa ne zaune a kai, yana fifita da hularsa.

Baba ya ce, "Shi ke nan? Lamba ne kawai?"

"Lamba ce kawai, Baba."

Ya gyara murya. "To, ba tsafi ba ne. A ba ta akwatin." Suka fita rabon riguna.

Da na fito, tsohon Bafulatanin na gindin mangwaro, inda yake zuwa ya zauna kullum tun ranar biso. Ya ce, "Malam ya taɓa ce mini aikinsa bin sawu ne, ba ya ganin saniyar. Ya ce yana koya miki. Kin samu sawun?" Na ce na samu, Baba. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki sandarsa. Da kaka suka tashi da shanunsu wajen Kagarko, ban sake ganinsa ba.

Ban sani ba ko Kawu ne ke da gaskiya ko babban malaminsa. Ni malamar aji biyu ce, ba ni da injin da zan gwada, ba ni da wanda zan tambaya. Abin da na sani, suna nan inda ya ce, na ƙirga da idona. Sau ɗaya na sake buɗe gwangwanin, da Kirsimeti. Daga ɗari da sittin zuwa gaba ba a ganin komai yanzu sai gicciyen fensir.

Har yau a gidan nake. Ƙarfe huɗu na yi mini wuya. Ubangiji ya ba bawansa hutu a wurin da haske ba ya ɓata komai, ya kuma gafarta mini yinin nan na shanya. Kawu ya yi shekaru goma sha wani abu yana jiran mutum na biyu, ya ƙarar da takardarsa ta ƙarshe don ya samu. Na iso, amma na makara da mako guda da 'yan kwanaki. Ya rubuta mu biyu ne, sai dai ba mu taɓa zama mu biyun a rana ɗaya ba. Da shi kaɗai ne, yanzu ni kaɗai ce.